Daga Kano zuwa 'Yankwashi: abin da tafiyar neman asali ke bayyanawa game da takardar indijin

Matashin da aka haifa a Kurna ko Fagge a birnin Kano, ya yi firamare da sakandare a can, bai taɓa kwana a wani gari ba sai da dalili, yakan wayi gari doka ta gaya masa cewa shi ɗan wani wuri ne daban. Ranar da ya nemi shiga aikin soja ko ɗan sanda, ko gurbin aiki a ma'aikatar tarayya, ko tallafin karatu na jiha, za a tambaye shi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ya fi sani da takardar indijin. Idan kakansa daga ƙasar Kazaure ya zo Kano cin rani ya zauna, to sau da yawa can za a tura shi: Roni, ko Gwiwa, ko 'Yankwashi.

Wasu sukan aika a karɓo masu takardar, su huta. Wasu kuwa sukan mayar da tilas ta zama dama. Su ɗauki 'yan kwanaki su bi hanyar da kakanninsu suka biyo, su sauka wurin abokan makaranta, su zauna da tsofaffi, su leƙa fadoji da gidajen tarihi na biranen da ke kan hanya. Irin wannan tafiya tana da tsari, tana da wuraren da ya kamata a tsaya, kuma abin da ake samowa a cikinta ya kan girgiza yadda mutum ke kallon rabe-raben ɗan ƙasa da baƙo da siyasar Najeriya ta ginu a kai.

Yadda asali ya shiga doka

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a sashe na 41, ya kuma hana nuna masa bambanci saboda garin asalinsa a sashe na 42. Amma kundin nan dai shi ne ya shimfiɗa ƙa'idar raba daidai a sashe na 14(3), ya kuma wajabta wa Shugaban Ƙasa, a sashe na 147(3), naɗa aƙalla minista ɗaya ɗan asalin kowace jiha. Da aka zo bayanin wanda ake kira ɗan wata jiha, sashe na 318 ya danganta shi da wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Wurin haihuwa, da yawan shekarun zama, da harajin da mutum ya biya, duk ba su shiga wannan lissafi ba.

Kundin bai faɗi yadda za a tabbatar da asalin ba. A aikace, nauyin ya faɗa kan ƙananan hukumomi, su kuma suka jingina da masu sarauta. Mai nema yakan fara da mai unguwa, a wuce da shi wurin dagaci, daga nan hakimi ya sa hannu, kafin sakatariyar ƙaramar hukuma ta ba da takarda. Tambayar da ake yi a kowane mataki ɗaya ce: ɗan gidan wa ne? Ke nan takardar da ke buɗe ƙofar aikin gwamnati a Abuja ta dogara ne da abin da wani dattijo ya tuna a zaurensa.

Dalilin hakan shi ne ƙarancin rubutacciyar shaida. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fito ne a 1992, kuma binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Idan haka abin yake ga yaran wannan zamani, to ba a maganar wanda aka haifa a ƙauye a zamanin En'e.

Hanya ɗaya, iyakoki huɗu

Daga Kano, motar Daura ce ke kai matafiyi. Hanyar ta bi ta Ɗambatta, ta shiga Kazaure bayan tafiyar kimanin kilomita 80, ta ratsa ƙasar 'Yankwashi ta Karkarna, hedikwatar ƙaramar hukumar, sannan ta faɗa Jihar Katsina zuwa Daura. Wanda ya zarce arewa zai isa Kwangwalam, bakin iyaka, ya bi ta Matamai zuwa Damagaram. Cikin wuni guda mutum zai iya taka jihohi uku da ƙasashe biyu, bai fita daga cikin masu harshe ɗaya ba, bai kuma daina haɗuwa da masu auratayya da juna ba.

Kowace iyaka a kan wannan hanya tana da shekarar haihuwarta. Mafi tsufa ita ce ta masarauta. Ɗantunku, ɗaya daga jagororin Fulani na zamanin jihadi, ya ƙi yin mubaya'a ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819. Daga wannan saɓani aka sami masarautar Kazaure, wadda aka yanko daga gefen ƙasashen Kano da Katsina da Daura. Ɗambatta ce mazaunin Ɗantunku na farko, ɗansa Dambo ne ya mayar da Kazaure babban birni. Yau Ɗambatta tana Jihar Kano, Kazaure tana Jigawa.

Ta biyu ita ce iyakar Turawa. Ingila da Faransa sun yi ta jan layi da gyara shi a yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, kafin jami'ansu su bi daji suna kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba Daura da Kazaure da Gumel daga Damagaram, ya bar gidaje da yawa rabi a hannun Ingilishi rabi a hannun Faransi.

Ta uku ta jiha ce. Kazaure tana cikin Lardin Kano a zamanin mulkin mallaka, ta zauna cikin Jihar Kano daga 1967, har ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jigawa. Ta huɗu kuma ta ƙaramar hukuma ce: 'Yankwashi ta samu ne a 1996, zamanin Janar Sani Abacha. Mutumin da ya bar Achilafiya ko Gurjiya ya koma Kano a 1970 bai tsallaka wata iyaka ba, daga wani gari ya koma wani a cikin jiharsa. Shekara 21 bayan haka aka ja layi a bayansa, jikokinsa suka zama 'yan wata jiha da ba ta wanzu ba ranar da ya ɗaura kayansa.

Sanin waɗannan shekaru yana da amfani ga mai bincike, domin su ke nuna inda takarda za ta kasance. Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure, wadda take da En'e tata tun zamanin Turawa. Babura kuwa, duk da maƙwabtaka, gunduma ce ta masarautar Kano a da, sai bayan ƙirƙiro Jigawa ta koma ƙarƙashin sabuwar masarautar Ringim. Dangi biyu da tafiyar awa guda ta raba, labarin ɗaya yana cikin takardun Kazaure, na ɗayan yana cikin na Kano.

Ma'ajiyar da ke numfashi

Sunan ƙarshe, wanda masu binciken asali a Turai da Amurka ke bi kamar igiya, ba ya kai mutum nesa a ƙasar Hausa. Bahaushe yana ɗaukar sunan mahaifinsa ne, sunan kuma yana canzawa da kowane ƙarni na gida. Sunayen garuruwa da ake gani a bayan sunan mutane, irin su Kazaure ko Roni ko Babura, yawanci rajistar makarantar boko ce ta liƙa su don a bambance ɗalibai masu suna ɗaya, kamar yadda aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari. Suna nuna inda yaro ya fito ranar da aka rubuta shi, ba sa nuna inda kakansa ya fito.

Saboda haka ainihin ma'ajiyar tana bakin tsofaffi, musamman mata. Gwaggo ko kaka ce ta san wa ya auri wa, wace ce aka kai riƙo wani gari, wane ne ya tafi almajiranci gabas bai dawo ba, wane ne ya tafi Makka a ƙasa ya zauna a Sudan. Amma tambayarsu tana da ladabi. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, saboda alkunya, sai dai ta ce Malam ko mai gidan nan. Mai hankali ba ya matsa mata, yakan rubuta laƙabin ya nemi sunan yanka a bakin wani.

Laƙabin ma shaida ne. Ɗanladi da Talatu sun faɗi ranar haihuwa, Azumi da Sallau sun faɗi wata. Tanko ya biyo bayan 'ya'ya mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo bayan tagwaye. Da irin waɗannan ake jera 'ya'yan gida bisa tsari ko da babu wanda ya san shekara. Shekarar kuma ana kamo ta ne da abin da ya faru: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ta 'Yar Buhu ta 1927, yaƙin Hitila, zuwan Sarauniyar Ingila Kano a 1956, kisan Sardauna a Janairun 1966, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, ko shekarar da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa mulki a 1979. Sunayen yunwa sukan bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka ana tambayar abin da aka ci da inda aka gudu a shekarar, a gwada da abin da wani dattijon ya faɗa.

Akwai kuma masu sana'ar da aikinsu ya sa suka riƙe nasaba. Wanzami ya san tsagar kowane gida da ma'anarta, ko da yake tsagar tana ɓacewa a fuskokin matasa. Maroƙa da makaɗan fada sun riƙe jerin masu sarauta. Liman yakan ajiye littattafan mahaifinsa, a gefen shafi ko a bangon ƙarshe a sami an rubuta haihuwa ko rasuwa da ajami. Ƙa'idar ita ce kada a tsaya kan baki ɗaya. Abin da mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba suka faɗa iri ɗaya ya fi ƙarfi, abin da mutum ɗaya ya faɗa a rubuta shi da sunan wanda ya faɗa. Ɗaukar murya a waya yana da kyau idan an nemi izini, domin wannan ma'ajiya kullum raguwa take yi.

Aboki ne mabuɗin gari

Ziyarar abokai a irin wannan tafiya wani ɓangare ne na aikin kansa. Baƙon da ya sauka daga mota da littafi da biro yana tambayar gidan wane da gonar wane, abu na farko da za a zata shi ne ya zo tayar da maganar gado, ko kuwa wani ɗan siyasa ne ya turo shi. Bakin mutane zai rufe. Idan kuwa ɗan gari ne ya riƙo hannunsa, wanda suka yi karatu tare a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Husaini Adamu da ke Kazaure, ko Jami'ar Bayero, ko suka haɗu a bautar ƙasa, to ya zama baƙon wane, an san inda za a neme shi.

Wannan tsohon tsari ne. Fatake ba sa shiga gari sai ta hannun mai masauki, wanda ke ba su wurin kwana, ya tsaya masu a ciniki, ya zama lamuninsu. Abokin ne zai san ranar da hakimi ke zaman fada da ranar da kasuwa ke ci, ya san cewa ana fara gaida mai unguwa kafin a shiga gidan kowa, ya tuna wa baƙo ya cire takalmi ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe, ya kuma riƙo goro ko sabulu ko turare na gaisuwa. Mahaifiyar abokin ko matarsa ce za ta shigar da tambaya cikin gidan da namiji baƙo ba ya shiga. Matashiya mai bincike tana da sauƙi a nan, tana da wahala a zauren maza, don haka tafiyar wa da ƙanwa ta fi ta mutum ɗaya albarka. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ya zo sau ɗaya ya kwashi labari ya ɓace ba zai sami irin wannan tarba a karo na biyu ba.

Biranen da ke riƙe da takardu

Yawon buɗe ido a biranen hanya shi ke ba labarin baka mazauni. A Kazaure, fadar Sarki Najib Husaini Adamu, wanda ke kan gado tun 1998, ita ce inda ake samun jerin hakimai da dagatai da tarihin gundumomi. Duwatsun da ke kewaye da garin suna nuna wa mai ido dalilin da ya sa aka zaɓi wurin a zamanin yaƙe-yaƙe, madatsar ruwa ta Ayuba kuma wurin shan iska ce da yamma.

A Kano, Gidan Makama yana baje tarihin birnin da masarautarsa, Gidan Ɗan Hausa kuma, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909, yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar. Wanda ya hau Dala, ya zaga kasuwar Kurmi da karofin Ƙofar Mata, sannan ya tuna cewa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, zai gane abin da ya riƙa jawo samarin ƙauye zuwa birni bayan kaka. Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, yana da amfani ga wanda aka gaya masa kakansa ya sha ɗauri saboda NEPU, jam'iyyar da aka kafa a 1950.

Manyan takardun mulkin mallaka suna Kaduna, a reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da kuma Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A nan ake samun fayilolin Lardin Kano: rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta lokacin ƙiyasta haraji, littattafan gundumomi, da wasiƙun naɗi da tuɓe masu sarauta. Ya kamata a rage buri kafin a shiga. Bature ya rubuta abin da ya shafi kuɗin shiga da mulki ne, saboda haka za a ga sunan ƙauye, da dagacinsa, da yawan masu biyan haraji, da ƙabilun da ke ciki, da inda suka ce sun fito. Sunan talaka ba ya cika fitowa sai ya shiga shari'a. Mata kuwa kusan babu su. Duk da haka, layi ɗaya da ya ce mutanen wani ƙauye sun taso daga Daura ko Damagaram yakan tabbatar da abin da kaka ta faɗa.

Idan zaren ya ja arewa, Daura tana nan da rijiyar Kusugu da fadarta. Jihadi ya raba gidan sarautarta, tsofaffin sarakuna suka koma Zango da Ɓaure, har Turawa suka maido da su a 1906, kuma kowace irin wannan girgiza takan tura iyalai ƙaura. Damagaram, wadda Faransawa suka ci a 1899 kuma ta zama babban birnin mulkinsu a Nijar har 1926, tana da fadar Sultan da tsohuwar unguwar Birni. Tsallakawa can yanzu yana buƙatar shiri. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Sai an tambayi halin da iyaka ke ciki da takardun da ake nema kafin a kama hanya.

Abin da ba kowa ke son ji ba

Mai tono asali ya shirya wa abin da zai tarar. Gidaje da yawa suna da labarin cewa kakansu malami ne ko ɗan sarki da ya zo daga gabas. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma bincike yakan kai ga Bamaguje da ya musulunta a jiya-jiya, ko Buzu da fari ya koro, ko wanda aka kamo a yaƙi aka ajiye a rinji. Turawa sun ayyana cewa duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Wannan bai wuce zamanin kakannin kakanni ba, kuma har yau maganar tana iya ɓata neman aure. Idan dattijo ya yi shiru ko ya kawar da zance, shirun ma bayani ne, ba a kuma yaɗa sirrin gidan wasu a Facebook don an ji shi a zaure.

Haka batun gona. Tambayar inda gonar kaka take tana iya tayar da rikicin gadon da aka binne shekara hamsin. Wanda ya zo neman sani ya faɗi haka tun a gaban mai unguwa. Wanda kuma yake da haƙƙin da yake nema, kotun shari'a ce wurinsa, kada ya fake da sunan zumunci.

Lissafin ƙarshe

Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, don haka mako guda na irin wannan tafiya yana son tanadi. Rani ya fi damina, lokacin da manoma ke gida kuma hanyoyin ƙauye ke biyuwa. Ana tafiya da rana, ana tambayar direbobin tasha lafiyar hanya, musamman ga mai niyyar shiga ƙauyukan da ke kan iyakar jihohi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an tsara shi ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura, kusan sawun da fatake suka bi.

Matashin da ya kammala zagayen yakan dawo da takardar indijin a aljihu, da kuma sanin cewa takardar ta ɗauki reshe ɗaya ne na bishiya mai rassa da yawa. Kakan uba daga Karkarna, kakar uwa daga ƙasar Daura, wani kakan daga hayin iyaka, shi kuma haifaffen Kano. Dokar ƙasa ta ce ya zaɓi ɗaya. An sha kawo shawarar a ba wanda ya daɗe da zama a wuri haƙƙin ɗan gari a lokutan gyaran tsarin mulki, har yau sashe na 318 yana nan yadda yake. Masu goyon bayan tsarin na yanzu suna cewa shi ke kare ƙananan wurare irin 'Yankwashi daga a cinye masu gurabensu, masu suka kuma suna cewa yana mayar da mutum baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. Duk ɓangaren da matashi zai tsaya a wannan muhawara, zai fi iya kare matsayinsa idan ya taɓa zama a gaban tsohuwar da ta lissafa masa garuruwan da jininsa ya ratso kafin a ja layin da ya raba su.